Tarihin Cinikin Gayya Tsakanin Malaman Firamare da Hukuma: Misali Daga Paki, Ikara, Makarfi da Kudan

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi diddigin hanyoyin da aka yi ta bi, tun daga zamanin Turawa zuwa yau, wajen yanke albashi da sauran sharuɗɗan aikin malaman makarantun gwamnati, musamman na firamare, a kuma duba matsayin ƙungiyoyin malamai a cikin waɗannan hanyoyi. Don kada maganar ta tsaya a ofisoshin Ikko da Kaduna da Abuja, za mu riƙa auna kowane mataki da halin malamin da yake koyarwa a arewacin ƙasar Zazzau, watau Paki da Ikara da Makarfi da Kudan. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, a da duk garuruwan nan a ƙarƙashin En'e guda suke, baitulmali guda ke biyan malamansu, yau kuwa sun kasu cikin ƙananan hukumomi uku, ga kuma gwamnatin jiha da ta Tarayya a bisansu. Saboda haka duk canjin da aka yi wa tsarin ya bar alama a nan.

Abin da masana harkokin ƙwadago suke nufi da wannan batu shi ne, ma'aikata su haɗa kai su tura wakilai su zauna da wanda ya ɗauke su aiki, a yi ta jayayya a kan albashi da lokutan aiki da ƙarin girma da ladabtarwa da kora, har a cim ma yarjejeniyar da za ta hau kan kowa. A cikin wannan takarda na kira shi cinikin gayya, domin ciniki ne, kuma ba mutum ɗaya ke yinsa don kansa ba. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu rake a kasuwar Makarfi ya san ƙa'idar: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, har a sallama. Amma cinikin ba ya faɗawa sai mai tayin yana da kuɗin a aljihunsa. Abin da nake son nunawa shi ne, malamai sun sami wakilci tun da wuri, abin da suka daɗe suna nema shi ne abokin ciniki, domin sau da yawa wanda ake zama da shi ba shi ke riƙe da kuɗin ba, mai riƙe da kuɗin kuwa ba ya wurin zaman.

2.0 Malamin En'e

A zamanin Turawa, malamin elemantare a gari irin Paki ko Makarfi ma'aikacin En'e ne, kamar malamin haraji da malamin daji. En'e ta Zazzau ce ta ɗauke shi, ita ke tura shi inda ta ga dama, albashinsa kuwa daga baitulmalin Zariya yake fitowa, bisa kasafin da sai Razdan ya amince da shi. In yana da kuka, sai ya rubuta takarda ta bi ta hannun babban malami, ta isa ga mai duba makarantu, daga nan in an yi sa'a ta kai gaban majalisar Sarki ko Jami'in Ilmi na Lardi. A garin da yake zaune kuma idon Hakimi yana kansa. Wannan koke ne kurum, kuma wanda ya cika koke yana iya wayar gari an canja shi zuwa wani ƙauye mai nisa. Duk da haka tsarin yana da wani abu guda da aka rasa daga baya: malamin ya san wanda ya ɗauke shi aiki, ya san mai biyansa, kuma su biyun hukuma ɗaya ce.

Ba wai ƙasar Hausa ba ta san wakilcin masu sana'a ba ne. Akwai Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska, waɗanda suke tsakanin 'yan sana'arsu da fada. Sai dai sarautu ne da ake naɗawa daga sama, babban aikinsu kuwa tara haraji da isar da umurni. Malamin allo shi kuma hulɗarsa da iyayen yara ce, ta kuɗin Laraba da sadaka da zakka, ba a kuwa ɗauki wannan a matsayin lada da ake tayawa ba. Daga nan aka gaji ra'ayin cewa malami ba ya jayayya a kan abin duniya, ra'ayin da hukumomi suka ji daɗinsa ƙwarai, suka kuma yi ta tuna wa malaman boko shi duk lokacin da albashi ya makara.

A Kudu aka fara haɗa kai. Galibin makarantun can na mishan ne, gwamnati tana ba su gudummawa, albashin malamansu kuwa bai kai na malaman gwamnati ba. A watan Yuli na 1931 ƙungiyar malaman Ikko da ta shugabannin makarantun Ijebu suka haɗu da waɗansu suka kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, watau NUT, Rabaran I. O. Ransome-Kuti na Abeokuta ya zama shugabanta na farko. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1938 ta buɗe wa irin waɗannan ƙungiyoyi ƙofar rajista. Tun a lokacin NUT ta gane cewa, ko da yake mishan ce ta ɗauki malami, abin da za ta iya biyansa ya dogara ga gudummawar gwamnati, saboda haka ƙungiyar ta fi fuskantar Daraktan Ilmi fiye da limaman mishan.

NUT ba ta yi ƙarfi a tsakanin malaman En'e ba. Sai a 1948 Arewa ta sami tata, watau Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda Malam Aminu Kano ya faro tunaninta tun yana karatu a Landan, ya kuma zama sakatarenta, Malam Abubakar Tafawa Balewa ya zama mataimakin shugaba. Ita ake ɗauka a matsayin ƙungiyar ƙwadago ta farko da 'yan Arewa suka kafa da kansu. Ta yi magana a kan bambancin albashi tsakanin Kudu da Arewa, da gyaran manhaja, da darajar malami a cikin ma'aikatan En'e. Abin lura a nan shi ne, a wancan zamani kusan duk ɗan bokon Arewa ta ƙofar koyarwa ya shigo, don haka da siyasa ta kankama, daga cikin malamai ta yi ta ɗiba. Malam Aminu ya ajiye aikinsa na Kwalejin Horon Malamai ta Maru a 1950 ya shiga NEPU, Tafawa Balewa ya zama minista sa'an nan Firayim Minista. Cikin shekaru kaɗan waɗansu daga masu kai koken malamai sun zama su ne masu karɓar koken. Wannan ya sa ana sauraron ƙungiyar a Kaduna ta hanyar sanayya, amma kuma ya rage mata buƙatar matsa lamba a kafa wurin zama na dindindin wanda zai tsaya ko da sanayya ko babu.

3.0 Hukumar Bincike a Madadin Ciniki

Turawa sun san tsarin da ya dace, domin suna da shi a gida. Tun 1919 aka kafa Kwamitin Burnham a Ingila, inda wakilan hukumomin ilmi na yankuna suke zama a gefe guda, wakilan ƙungiyoyin malamai a ɗaya gefen, abin da suka yarda a kai kuma, in minista ya amince, shi ne albashin malamai a ƙasar. Kwamitin ya yi aiki har 1987. A Nijeriya kuwa, bayan babban yajin aikin 1945 wanda ya wuce kwana 40, an kafa Majalisun Whitley a 1948 don ma'aikatan gwamnati su riƙa zama da shugabanninsu. Majalisun ba su yi tasiri ba, kuma ko da sun yi, malamin En'e da malamin mishan ba sa cikinsu, don ba ma'aikatan gwamnati ba ne a idon doka.

Abin da ya maye gurbi shi ne hukumar bincike. An yi ta Tudor Davies da ta Harragin bayan yajin 1945, aka yi ta Gorsuch a 1955, ta Mbanefo a 1959, ta Morgan daga 1963 zuwa 1964, ta Adebo daga 1970 zuwa 1971, sa'an nan ta Udoji daga 1972 zuwa 1974. Yadda suke aiki kusan iri ɗaya ne. In guna-guni ya yi yawa, sai gwamnati ta naɗa alƙali ko wani babban ma'aikaci, ƙungiyoyi su kai masa takardun bayani, ya rubuta rahoto, gwamnati ta fitar da farar takarda ta karɓi abin da ta so ta yar da saura. A wannan tsari ƙungiya shaida ce, ana jin ta bakinta, amma ba ta sa hannu a kan kome, saboda haka ba ta da takardar da za ta riƙe gwamnati da ita gobe. Malamin Paki kuwa shi ne na ƙarshe a layi: sai an gama da ma'aikatan Tarayya, gwamnatin Jihar Arewa ta duba nata, ta aika wa En'o'i takarda, sa'an nan baitulmali ya duba ko zai iya.

A 1962 Jihar Arewa ta yi sabuwar dokar ilmi bisa rahoton Oldman, wadda ta kafa hukumomin ilmi na yankuna. Su ne L.E.A. da har yau ake ganin sunansu a allunan makarantun firamare. A mafi yawan wurare En'e ce ta zama hukumar, tana aiki ta hannun kwamitin ilmi, gwamnatin Kaduna kuma tana ba da gudummawa mai kauri don biyan malamai. Dokar ta kawo tsari, ta haɗa makarantun En'e da na mishan a inuwa ɗaya, amma daga ita ne malamin Arewa ya fara shiga halin da ɗan'uwansa na Kudu ya daɗe a ciki, watau mai ɗaukar aiki daban, mai kuɗi daban.

Shekarar 1964 ce, a ganina, aka fi kusantar cinikin gayya na haƙiƙa. A watan Yuni ma'aikatan ƙasa suka yi yajin kusan mako biyu a kan rahoton Morgan, a cikin shekarar kuma malamai suka yi nasu. Sakamakon haka aka kafa Majalisar Haɗin Gwiwa ta Ƙasa don Sasanta Albashin Malamai, a ƙarƙashin Mai Shari'a Adefarasin, inda wakilan gwamnatoci da na masu makarantu da na ƙungiyoyin malamai suka zauna wuri guda. Wannan ita ce surar Burnham. Majalisar ta fito da matakan albashi a 1965, to amma tun tsarin mulkin 1954 ilmin firamare yana hannun jihohi, don haka aiwatarwa ta koma ga kowace jiha da ƙarfin aljihunta. Kafin majalisar ta kafu sosai soja suka karɓi mulki a Janairun 1966, aka rarraba jihohi a 1967, ƙasar Zazzau ta faɗa Jihar Arewa ta Tsakiya, yaƙin basasa ya ɓarke. Dokar soja ta 1968 ta tilasta kai rikicin ƙwadago gaban masu sasantawa, ta 1969 kuwa ta hana yajin aiki ɗungum. Abin mamaki, duk wannan ya faru ne bayan Nijeriya ta amince, tun a 1960, da yarjejeniyoyi masu lamba 87 da 98 na Hukumar Ƙwadago ta Duniya a kan 'yancin ƙungiya da cinikin gayya, kuma a daidai lokacin da hukumar da UNESCO suka fitar da shawarwarinsu na 5 ga Oktoba 1966, waɗanda suka ce albashin malamai da sharuɗɗan aikinsu ta hanyar sasantawa da ƙungiyoyinsu ya kamata a yanke su.

4.0 Daga 1972 Zuwa 1978

A 1972 ƙungiyar malaman jihohin Arewa ta narke cikin NUT, malaman ƙasa suka zama murya ɗaya. Shekara biyu bayan haka rahoton Udoji ya zuba ma'aikatan gwamnati duka, har da malamai, a kan matakan albashi guda 17. Da aka biya ƙarin a 1975 tare da ariyas, malamai da yawa suka sayi keke da rediyo da babur, har dattawan cikinsu sukan yi lissafin shekaru da kuɗin Udoji. Ribar a bayyane take: malami ya zama daidai da akawu mai irin takardarsa, ya kuma sami tabbacin fansho. Hasarar ba a gan ta ba sai daga baya. Tun da albashin malami ya zama reshe na albashin ma'aikata baki ɗaya, ba sauran dalilin zama na musamman da malamai. Majalisun sasantawa uku da suka gaji na Whitley na ma'aikatan gwamnati ne, ba a gina su don malamin firamare ba. Kusan duk gwagwarmayar NUT ta shekaru 40 da suka biyo baya, a kan tsarin albashi na malamai zalla, ƙoƙari ne na fita daga ɗakin da aka yi murnar shiga a 1975.

A 1976 abubuwa biyu suka faru tare. A watan Satumba aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, inda aka yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya amma kimanin miliyan 3 suka fito. Aka buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, aka ɗebi malamai cikin gaggawa, waɗansu da horon 'yan watanni, waɗansu ba horon ma sam. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna don gyara wannan giɓi aka kafa ta. Ba a zauna da kowa an tsara yadda za a ɗaga darajar waɗannan malamai ko a sallame su cikin mutunci ba, kuma za mu sake gamuwa da wannan batu nan gaba. Abu na biyu shi ne gyaran ƙananan hukumomi, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e. Aka kafa Ƙaramar Hukumar Ikara, wadda a lokacin ta ƙunshi Paki da Makarfi da Kudan, malamin da ya saba duban Zariya ya koma duban Ikara. Daga baya aka fitar da Makarfi daga Ikara, a zamanin Janar Sani Abacha kuma aka fitar da Kudan, mai hedkwata a Hunƙuyi, daga Makarfi.

Ta fuskar doka, a 1976 ɗin aka kafa Kwamitin Sasanta Rikicin Ma'aikata da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A 1978 gwamnatin soja ta tattara ɗaruruwan ƙungiyoyi ta mai da su 42 a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, NUT tana cikinsu, aka kuma ba da damar cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Ƙungiyar ta sami kuɗi da rassa a kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma. Ta wajen malamai ke nan, gini ya kammala.

5.0 Wa Ke Biya?

Ta ɗaya wajen kuwa, a lokacin rushewa ta fara. Tsarin mulkin 1979 ya ce ƙananan hukumomi za su sa hannu cikin samar da ilmin firamare tare da jihohi, bai kuwa fayyace wa zai ɗauki albashi ba. Gwamnatin Tarayya, wadda ita ta kawo UPE ta kuma ɗauki nauyinsa da farko, ta janye hannunta. Da kuɗin mai ya faɗi a 1982 da 1983, malamai a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi. In reshen ƙungiya ya je ƙaramar hukuma, sai a ce jiha ba ta sako kuɗi ba, a jiha a ce Ikko ce ta rage kaso, a Ikko a ce firamare ba aikin Tarayya ba ne. Kowa yana da gaskiya gwargwado, malami kuwa yana cin bashin hatsi. A yanki irin namu, inda kusan kowane malami manomi ne, abin da ya biyo baya sananne ne: gona ta zama aiki, aji ya zama abin leƙawa, kuma ba hukumar da take da bakin tsawatawa.

Daga nan sai aka shiga kai-da-komo. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa, mai hedkwata a Kaduna, da asusu na musamman, albashi ya daidaita. A 1991 gwamnatin nan dai ta rushe hukumar ta miƙa firamare kacokan ga ƙananan hukumomi, bashin albashi ya dawo, yaje-yaje suka yawaita. A 1993 aka maido da hukumar, aka kafa hukumomin ilmin firamare na jihohi, da hukumar ilmi a kowace ƙaramar hukuma a ƙarƙashin Sakataren Ilmi, aka kuma riƙa cire albashin malamai daga kason ƙananan hukumomi tun kafin ya iso hannunsu. Watau cikin shekara biyar an canja wa malamin Paki uban gida sau uku, ba kuwa wanda aka yi da shawararsa. A wannan shekara ta 1993 ne kuma aka yi dokar da ta sa koyarwa cikin ayyukan da ba a yarda a yi yaji a cikinsu ba, da wadda ta kafa Majalisar Rajistar Malamai.

Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, sun gaji wannan tsari suka canja masa suna. A ƙarƙashinsa mafi ƙarancin albashi a Abuja ake yanke shi, domin sha'anin ƙwadago na Tarayya ne a tsarin mulki. Hukumar SUBEB a Kaduna ke riƙe da ɗaukar malamai da ƙarin girma da ladabtarwa, Sakataren Ilmi a Ikara ko Makarfi ko Hunƙuyi ke duba aiki na yau da kullum, kuɗin kuwa daga kason ƙaramar hukuma aka saba cire su ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Hannaye huɗu ke nan a kan albashi ɗaya, kuma babu wata doka da ta tara su wuri guda su fuskanci ƙungiya.

6.0 Gwaji Biyu: 2008 da 2017

Yajin NUT na 2008 ya nuna abin a fili. Malamai suka rufe makarantu a ƙasa baki ɗaya na kimanin mako biyar suna neman tsarin albashi nasu na kansu. Gwamnatin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ce ita ba za ta yanke wa jihohi albashin ma'aikatan da ba ita ta ɗauka ba. A ƙarshe Dandalin Gwamnoni ne ya shiga tsakani aka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari. Amma dandalin ba hukuma ba ce da doka ta kafa, ba shi da ma'aikaci ko ɗaya a aji, ba ya kuma iya tilasta wa wani gwamna. Sai kowane reshen jiha ya koma ya sake sabon ciniki a kan abin da aka ce an riga an sallama, shekaru bayan haka waɗansu jihohi ba su fara biya ba.

Mu da muke jami'a ya kamata mu kwatanta da namu. ASUU, wadda aka kafa a 1978, ta sami rubutacciyar yarjejeniya da Gwamnatin Tarayya a 1992 lokacin shugabancin Attahiru Jega, daga cikinta aka haifi asusun harajin ilmi a 1993, aka kuma sake wata a 2009. Gaskiya ne cika alkawari ya zama wani yaƙin, har da yajin wata takwas a 2022. Duk da haka muna da takarda mai sa hannu da za mu nuna, muna kuma da ƙofa ɗaya da za mu ƙwanƙwasa. Ba don mun fi malaman firamare haɗin kai ba ne, yawansu ma ya ninka namu. Bambancin yana ga abokin cinikin.

Gwaji na biyu a Jihar Kaduna aka yi shi, kuma bai shafi albashi ba. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a matakin aji huɗu, ta bayyana cewa 21,780 ba su sami maki 75 cikin ɗari ba, ta ce za ta sallame su ta ɗauki sababbi 25,000. NUT ta ce makin da aka yi magana a kai tun farko 60 ne, kuma tantance malami aikin Majalisar Rajistar Malamai ne. Ta kai ƙara Kotun Ma'aikata, ta shiga yaji a ranar 8 ga Janairu 2018, ta janye bayan kimanin kwana goma, sallamar kuwa ta tabbata. A 2022 aka sake sallamar 2,357, cikinsu har da Audu Amba, shugaban NUT na ƙasa, wanda bai zauna jarrabawar ba. Ba ƙaramar hukumar da abin bai taɓa ba, kuma a ƙananan garuruwa, inda albashin malami ɗaya yake riƙe da gidaje biyu ko uku, an ji shi har a kasuwa.

Ba za a yi adalci ba in aka ce gwamnati ba ta da hujja. Duk wanda ya karɓi ɗaliban shekarar farko a kwalejin ilmi ko jami'a ya san irin tushen da ake zuwa da shi, kuma an daɗe ana ɗaukar malamai don siyasa da alfarma. Amma wannan ciwo ne da ya faro tun gaggawar 1976, kuma irinsa ne majalisar dindindin take magancewa a hankali: a yarda a kan ma'aunin cancanta, da wa zai auna, da wa'adin da za a ba mutum ya gyara, da haƙƙin wanda zai tafi. Ƙungiya ma tana da nata laifin, domin shekara da shekaru ta fi ɗaga murya a kan albashi fiye da a kan waɗanda ake cusowa cikin sana'ar. Da yake ba wurin zama na kullum, ɓangarorin biyu ba su haɗu a kan batun ba sai a ranar faɗa, a gaban kotu da kan titi.

7.0 Hukuncin 2024

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya. Jama'a da yawa sun yi murna, NUT kuwa ta nuna fargaba, ta nemi kada a bar albashin malaman firamare a hannun ciyamomi, don ba ta manta da 1991 ba. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri, amma an ga ɗanɗanon abin da ake tsoro a Abuja, inda majalisun yankuna shida ke da alhakin biyan malaman firamare. A cikin watan da aka yi hukuncin aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, majalisun ba su biya malamai yadda ya kamata ba, malaman suka shiga yaji daga Maris zuwa Yuli na 2025, yara suka yi fiye da wata uku a gida. Ba a janye ba sai da Ministan Abuja, wanda ba shi ne mai ɗaukarsu aiki ba, ya sa baki aka amince a riƙe wani kaso na kuɗin shigar majalisun don rage bashin.

In aka bi hukuncin har ƙarshensa ba tare da wani tanadi ba, reshen NUT na Jihar Kaduna zai tashi daga fuskantar hukuma ɗaya ya koma fuskantar ciyamomi 23. Kason Ikara da na Makarfi da na Kudan ba ɗaya ba ne, yawan makarantunsu da malamansu ma ba ɗaya ba ne. Ana iya samun malamai biyu da suka gama kwaleji ɗaya a shekara ɗaya, da takardar NCE iri ɗaya, ɗaya yana koyarwa a Paki ɗaya a Hunƙuyi, ɗaya ya karɓi albashi a ƙarshen wata ɗaya yana bin bashin wata uku, alhali kuwa ikon yi musu ƙarin girma ko korarsu yana nan a Kaduna, wurin hukumar da ba ita za ta biya ba.